Neman shawara: tallafin ganin likita daga nesa a ƙasar Navajo

Mai tambaya, Arizona:
Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya. Ni nas ce a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Navajo. Shugabarmu ta ɗora mini rubuta takardar neman tallafi don marasa lafiyarmu su riƙa ganin likita ta bidiyo. Yawancinsu dattawa ne masu ciwon suga. Akwai tsohuwar da jikanta ke ɗauko ta a akori-kura tun asuba, su sha doguwar hanya marar kwalta don ganin likita na 'yan mintoci. In an yi ruwa ko ƙanƙara hanya ta zama taɓo, sai dai a ɗaga ranar. Tunanina in nemi kuɗin kwamfutar hannu a raba musu gida-gida. Wace ƙofa zan ƙwanƙwasa, kuma me ke sa a yi watsi da takarda? Abin yana ci mini rai, wasu idonsu ke tafiya muna ji muna gani.

Wani ɗan uwa, New Mexico:
Wa alaikumus salam. Malama, duba shirin DLT, wato tallafin karatu da ganin likita daga nesa, na Ma'aikatar Noma ta Amurka, USDA. A 2024 ya ba da daga dala 50,000 zuwa miliyan 1 don wuraren da mutanensu ba su wuce 20,000 ba, amma sai kun kawo kashi 15 cikin 100 daga ɓangarenku. Kayan aiki yake saya, ba ya biyan albashin likita ko nas. Tun yau ki tabbatar rajistar asibitinku a SAM.gov, shafin rajistar masu neman kuɗin gwamnatin tarayya, tana aiki, don sabunta ta kan ɗauki makonni.

Likita, Alaska:
Ƙanwata, ki yi haƙuri, maganar rabawa gida-gida ban goyi baya ba. Gidaje da yawa a can ko wuta babu, balle intanet mai ɗaukar bidiyo. Dattijuwar nan ina za ta yi caji? A nan ƙauyukanmu jirgin sama ne hanya, kuma abin da ya riƙe mu shi ne tsarin AFHCAN: ma'aikacin lafiya ɗan garin ya ɗauki hoton kunne ko na miki, ya rubuta bayani ya tura, likita ya duba a Bethel ko Anchorage ya ba da amsa. Ko layi na rawa, saƙon zai isa.

Ku kuna da ɗakunan taron gundumomi, gundumomin Navajo 110 ne. Ki zaɓi biyu ko uku mafi nisa, a sa na'ura a nan tare da mai kula da ita. Maganar ido kuwa, ki bincika shirin Joslin na IHS, hukumar kula da lafiyar 'yan asalin Amurka, tun 2000 yake aiki. Kyamara ke ɗaukar hoton cikin ido, a karanta a Phoenix. Mai yiwuwa wannan ma ba ya buƙatar sabon tallafi.

Hajiya, Minnesota:
'Yata, kin zauna da masu ƙasar? Navajo gwamnati ce mai majalisarta a Window Rock, kuma masu ba da kuɗi za su nemi takardar amincewarsu. Kada ki gama rubutu sannan ki kai musu su sa hannu, raini ne. Ki fara da ma'aikatan lafiya 'yan gari (CHR) masu shiga gida-gida, su suka san wace tsohuwa ce ba ta jin Turanci sai yaren Diné, wato yaren Navajo. Ki sa kuɗin tafinta a lissafinku, kuma a rubuta ƙarara wa ke da iko da bayanan marasa lafiya. Wannan batu ba sa wasa da shi, kuma suna da gaskiya.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na ajiye maganar rabo. To kashi 15 ɗin fa, da kuɗin intanet na wata-wata?

Ɗan uwa, New Mexico:
Kashi 15 ɗin ba zai fito daga wani tallafin gwamnatin tarayya ba, sai daga asusun asibiti, jiha ko gidauniya. Intanet kuwa ƙofarsa daban: Healthcare Connect Fund na hukumar sadarwa ta FCC yana rage wa asibitocin karkara kashi 65 cikin 100. Ki kuma zauna da masu karɓo muku kuɗin Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi, su nuna miki abin da ake biya kan ganin likita ta bidiyo, don shi zai riƙe aikin bayan tallafi ya ƙare. In kin haɗa daftarin, turo mini in duba ɓangaren kasafin.