Akwai zancen da yake gaskiya ko'ina, ko yaushe?

Ɗan Adar, daga Tawa:

Salamu alaikum ƴan fada. Yau ni ke buɗe fage. Ƙa'ida tana nan yadda take: amsa da baiti, amsa-amo "ya". Wanda ya yi mana dogon zube, sukarin shayin Juma'a na wuyansa.

Da sunan Allah nake buɗe tambaya,
Ku ba ni amsa, malamai, ban da hayaniya.

Ku kawo mini zance guda ɗaya tak,
Wanda yake daidai a duk faɗin duniya.

Ba na Tawa kaɗai ba, ba na bana kaɗai ba,
Wanda gobe za ta same shi yadda ya kwana jiya.

Mun tashi ana ce mana salla gabas ake yi,
Mutumin Jakarta yamma yake duba, ya ba gabas baya.

Wata guda ne a sama, kowa ya sani,
Mu sauko Idi yau, ana azumi a Nijeriya.

Damagaram ce fadar ƙasa a bakin kakanni,
1926 ta zo, Yamai ta karɓe, zance ya juya.

Ni dai na ce babu irin wannan zance,
Kowane da garinsa, mai ja ya fito mu yi jayayya.

Auta na Bukoki, daga Yamai:

Yaya, wannan ai ba ta kai a tayar da manya ba.

Rana daga gabas take fitowa kullum,
Ta faɗi yamma, ta komo da safiya.

Ruwa a digiri 100 yake tafasa,
Mushe ya rubuta a allo, mun haddace gaba ɗaya.

Mushe Lissafi, daga Yamai:

Sannu Auta, ka yi ƙoƙari, amma zauna,
Haddar aji rabin zance ce, da sauran tafiya.

Ɗauki butarka ka hau Bagzan, can Ayar,
Inda dutse ya kai mita 2,000, ka hura wuta da wuya.

Ruwanka zai tafasa wajen digiri 93,
Iskar da ke danne shi ce ta ragu, babu tsafi, babu tatsuniya.

100 ɗin da ka riƙe ta bakin teku ce,
Ko a nan Yamai da ɗan saura, ba ta cika gaba ɗaya.

Batun rana kuwa, tambayi ƴan Tromso a Nowe,
A watan Yuni ba ta faɗuwa, tsakar dare kamar safiya.

Disamba kuma ba ta leƙowa sam,
Har wasu masu azumi can agogon Makka suke wa biyayya.

Ni kaina ina koya wa yara zane mai kusurwa uku,
In ce jimlarsu 180, in ba da maki, ba na jin kunya.

Amma wannan a kan shimfiɗaɗɗen allo ne,
Je ka zana shi a bayan ƙwallon duniya.

Layi biyu su sauko daga ƙuryar arewa,
Su sari layin nan da ya raba ta a tsakiya.

90 nan, 90 can, an riga an cika 180,
Ga ta sama ba a ƙirga ba, tana yi mana dariya.

Malam Na-Zaure, daga Tawa:

Ku yi mini uzuri, tsufa ya saba da ƙwar biyar.

Yara, kun zuba gero cikin dawa,
Ku zo mu tsince, ban da gaggawa,
Shehu Sanusi ya riga ya yi rabawa,
Na Tilimsan, wanda muke ta karantawa
A zaure, tun ba a kafa lakkwal ba ko ɗaya.

Hukunci uku ne, ku lura da dalili,
Na shari'a, na al'ada, da na hankali,
Tafasar ruwa da fitowar rana, a misali,
Al'ada ce, maimaici ne, ba asali,
Tana saɓawa: wuta ta bar Annabi Ibrahim lafiya.

Na hankali kuma gida uku yake rabuwa,
Wajibi, hankali ba ya ɗaukar rashinsa da ɓacewa,
Mustahili, ba ya ɗaukar masa samuwa,
Ja'izi, ya yiwu, ya ƙi yiwuwa,
Ruwan bana a Adar na ciki: ko albarka ko wuya.

Jiki guda ba ya tafiya kuma yana zaune,
A lokaci guda, wannan mustahili ne,
A Tawa haka ne, a Tromso haka ne,
Imamu Gazali ya ce goma ta fi uku, tabbas ne,
Ko da mai ja ya mai da sanda macijiya.

Ɗan Adar:

Allah gafarta Malam, ba raini ba ne,
Ɗan fada in ya ga ƙofa sai ya leƙa, ba ya jin kunya.

Na shiga bas a Tawa, na sauka Yamai,
Kilomita sama da 500, ina zaune, ina tafiya.

Goma kuma da kuka ce ta fi uku,
Ku ba ni dala uku, in ba ku tamma goma, mu ga mai dariya.

Ko a montur ɗin da ke hannun Mushe,
Ƙarfe 11 a ƙara 2, sai ta ce ƙarfe ɗaya.

Mushe Lissafi:

Wayo ka yi, ɗan uwa, ba hujja ba,
Dala tamma 5 ce, 15 ka karɓa, ka bar Malam da wuya.

Ka sake ma'auni a tsakiyar ciniki,
Goma da uku na nan yadda suke in abin ƙirga ɗaya.

Zamanka a bas ga kujera ne kake zaune,
Ga kwaltar Dogondutsi kuwa gudu kake a hanya.

Sai a ƙara wa zancen Malam "ta fuska guda",
In an ƙara, nemi ƙofar kuma, mu sha labari da safiya.

Hajiya Ta-Wadata, daga Yamai:

Ni ban yi lakkwal mai nisa ba, kasuwa na sani. A bar ni in tambayi yaron nan abu ɗaya.

Ɗana, ka ce babu zancen da ke daidai ko'ina,
To wannan naka fa, da ka buɗe mana da shi tambaya?

In gaskiya ne a ko'ina, ai ga guda ka kawo,
Da bakinka ka rushe shi, ba mu sa hannu ba ko ɗaya.

In kuwa na Tawa ne kaɗai, bar shi can Tawa,
Kada ka biya masa kuɗin mota, a Yamai ba shi da moriya.

Na ga sefa a Janairun 1994,
Mun kwanta 50 ne faran ɗin Faransa, mun tashi 100, ana ta juyayi da safiya.

Farashi ya tashi, kuɗi sun faɗi, na yarda,
Amma mai bina 10 na ba shi 3, har yau bai ce mun rabu lafiya.

Auta na Bukoki:

Hajiya, baitinki na ƙarshe ya rasa "ba" guda.

Hajiya Ta-Wadata:

Amsa-amo ne ya cinye ta. Kai dai je ka dafa shayinka a Bagzan.

Ɗan Adar:

Inna, kin kama ni ta wuyan riga, na ji,
Sai dai ku duba abin da ya rage muku bayan jayayya.

"Goma ta fi uku", "abu ba ya zama kishiyarsa",
Wa ya taɓa kai ƙara gaban alƙali a kan waɗannan, ko sau ɗaya?

Abin da ke raba mutane, har a zare takobi,
Shi ne wane ya yi daidai, wane ya yi ta'asa, wa ke da gaskiya.

A nan nake son zance guda da ba ya motsi,
Ba lissafin da ba ya hana kowa barci ba, ko a birni ko a ƙauyen ƙaya.

Ƴar Ƙwanni:

Tun ɗazu ina karatu ban ce komai ba. Yaya, ga naka.

Sayar da yarinya ƴar shekara 12 zalunci ne,
Na ajiye shi nan, zo ka gwada masa bas da dala da dariya.

Sai a 2003 dokar ƙasarmu ta sa hukunci a kan bauta,
Kafin nan fa, daidai ne? Amsa mini, Yaya.

A 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta zauna a Yamai,
A kan ƴar jiharmu ta Tawa da aka sayar, aka mai da ita baiwa ƙwarƙwara, wato wahaya.

Kotu ta ce ƙasa ta kasa kare ta,
Ba ranar ce abin ya zama laifi ba, ranar ce aka ji kunya.

In ka ce kowane zance da garinsa da zamaninsa,
Faɗa mini garin da kukanta yake zama ƙarya.

Malam Na-Zaure:

Ɗiyata, kin kai mu inda malamai suka rabu,
Mu'utazilawa sun ce hankali kaɗai na gane mummuna, babu
Buƙatar a aiko. Namu Ash'arawa suka ce sai da littafi, babu
Lada ko zunubi kafin shari'a. Amma sayar da ɗa, babu
Mai halatta shi, hadisi ya yi masa kashedi mai wuya.

Ƴar Ƙwanni:

Baba, kun ce "ɗa", wato wanda aka haifa da ƴanci,
In da an haife ta a gidan bayi fa, hukuncin zai juya?

Mushe Lissafi:

Wannan ba ni da alli da zan zana shi a allo,
Ba ya fita da ƙirga yadda 180 ta fita a tsakiya.

Amma in aka ce in zaɓa, shi ko kusurwa uku,
Kusurwa zan saki, na riga na ga inda take da baya.

Ɗan Adar:

Ni ban ja da ƙanwata ba, kuma ba zan ja ba,
Sai dai ban ga gidan da Malam zai sa shi ba cikin ukun nan, ko ɗaya.

Ba al'ada ba ne, don al'adar ce ta sayar da ita,
Malam, tambayar Ƴar Ƙwanni na gabanku, muna jira har bayan Isha'i, ban da gajiya.