Yadda za a yi wa maziyarta bayani a wuraren tarihin Kano

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda za a yi wa maziyarta bayani a wuraren tarihin Kano, shawarar da ta fi yawa ita ce a gyara allunan bayani. A gidan adana kayan tarihi na Gidan Makama, mutum yana tsaye ne yake karatu, sau da yawa da yara a hannu, don haka kada allo ya wuce kalma 50. A fara da Hausa, Turanci ya biyo baya, in da wuri a ƙara ajami saboda dattawa da almajirai. A kafa shi daidai idon mai tsaye, kusan mita 1.5 daga ƙasa. Takardar da aka liƙa a bango ba ta jure rana da ƙurar hunturu, wata kaɗan ta koɗe.

Abin da ke cikin allon ya fi komai. "Sulke, ƙarni na 19" bai gaya wa kowa komai ba. A faɗi wa ke sa shi, nauyinsa, da dalilin sa wa doki lifidi.

An daɗe ana magana a kan masu zagayawa da baƙi. Kuskurensu jero sarakuna da shekaru har mai sauraro ya gaji. Gara a riƙe labari ɗaya, kamar Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) da Kasuwar Kurmi, a gama cikin minti 40. Ɗalibai kuma a kasa su 15-15.

A marinar Ƙofar Mata, a bar marina su yi bayanin baba da toka da katsi da bakinsu, a kuma biya su ladan lokacinsu. Dutsen Dala kuwa da sassafe ya kamata a hau, a yi zancen Barbushe, jagoran mazauna Dala na dā, a sama inda ake hango birni.