Fatalwa ko gurbi? Neman sunan zogin da ke biyo bayan cire ido

1. Ina fassara wata takardar wayar da kai ga majinyatan da aka cire wa ƙwayar ido ta hanyar tiyata, sai na ci karo da ciwon da likitoci ke kira phantom eye pain, wato mutum ya riƙa jin ciwo a idon da tuni aka cire. Likitan Amurka Silas Weir Mitchell ne ya fara amfani da kalmar phantom a 1871, kan sojojin yaƙin basasa da ke jin ciwo a hannu ko ƙafar da aka yanke musu.

2. Wani abokin aiki ya kawo “ciwon fatalwar ido”, tun da phantom na nufin fatalwa. Ban amince ba, domin duk Bahaushen da aka ce masa fatalwa ce a idonsa, wurin boka ko mai ruƙiya zai nufa, alhali lamarin na jijiya ne: jijiyoyin da aka yanke suna ci gaba da aika saƙo, ƙwaƙwalwa kuma ba ta daina lissafi da idon ba.

3. Wata gwaggota da aka yi wa wannan aikin takan dafe gefen goshinta da yamma ta ce: “Ɗan nan, idon da babu shi ne yake mini zogi.” Daga bakinta na ɗauki zogi, wanda ya fi ciwo nuna abin da ke bugawa ba ya saki, ya kuma fi raɗaɗi, wanda ya fi dacewa da sabon rauni.

4. Saura kwarmi da gurbi. Kwarmin ido kowa na da shi, ko da idonsa lafiya lau. Gurbi kuwa wurin da abu ya bari ne, shi ya sa muke cewa cike gurbi. Don haka ina ba da shawarar “zogin gurbin ido” ga ciwon idon da babu shi, a bar “ciwon kwarmin ido” ga wanda sanadinsa ke cikin ramin kansa, kamar bushewa, ko idon roba da bai zauna daidai ba, ko kullutun da ke fitowa a bakin jijiyar da aka yanke. Idan ya wuce wata 3, a ƙara “mai daɗewa”.

5. Ma’aikatan asibitocin ido na Kaduna da Kano da Damagaram, don Allah me majinyatanku suke kiransa?