Muhawara: Shin hana fursuna ibada azabtarwa ce?

Tsohon gandiroba: Jama'a, ina nan kan bakana cewa hana fursuna wasu ibadu matakin tsaro ne, ba azabtarwa ba. Da hannuna na sha karɓe carbi, domin igiyarsa tana iya zama abin rataye kai ga wanda ya yanke ƙauna, kuma na ga an hana taron ibada saboda a cikinsa ake ƙulla tarzoma. Ba a taɓa lafiyar jikin kowa ba.

Lauya: Ranka ya daɗe, a kan carbi doka tana bayanka. Sashe na 18 na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1966 kan 'yancin jama'a da na siyasa ya yarda hukuma ta taƙaita yadda ake bayyana addini saboda tsaro, muddin doka ta tanadi hakan kuma ya zama dole, amma bai ba ta iko da abin da ke zuciyar mutum ba. Inda muka rabu shi ne batun taɓa jiki. A 1978 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke cewa Birtaniya ta wulaƙanta tsararru a Arewacin Ailan ta hanyar hana su barci, da rufe musu kai da buhu, da rage musu abinci. Sashe na 7 na waccan yarjejeniyar ta 1966 ya haramta irin wannan, kuma ko yaƙi ake yi ba a jingine shi.

Malamar makaranta: Baba, ka yi haƙuri in sa baki. Ƙanena ya yi wata huɗu a tsare, kuma har yau ba yunwa yake ambata ba. Abin da ke sa muryarsa rawa shi ne ranar da mai tuhumarsa ya jefar da littafin addininsa ƙasa, ya ce sai ya taka kafin a ba shi ruwa. Wane tsaro aka kare da wannan? An lalubo inda ya fi masa ciwo ne aka danna, kuma da gicciyen Kirista aka yi wa haka, hukuncina ba zai canja ba.

Tsohon gandiroba: 'Yata, wannan zalunci ne, ba zan kare shi ba. Amma wanda yake tunzura 'yan ɗaki da sunan wa'azi, dole a keɓe shi.

Lauya: A keɓe shi, ranka ya daɗe, amma da iyaka. Ƙa'idojin Mandela, wato ƙa'idojin kula da fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun haramta kulle mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere, sun kuma ce a bar masa littattafan addininsa gwargwadon hali. Saboda haka kafin a karɓe wani abu, jami'in ya rubuta haɗarin da yake gudu da ranar da zai mayar, ya sa hannu, yadda alƙali zai iya dubawa.