Wane faifan Bee Gees zan fara sa wa Baba?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Babanmu ya haura saba'in. An yi masa aikin ido, likita ya ce ya rage karatu da kallon talabijin, sai ya koma zaman shiru a falo. Tun muna yara waƙoƙin Bee Gees yake so, wato 'yan uwan nan uku mawaƙan Turanci, Barry da Robin da Maurice. Yana da wani kaset nasu, in zaren ya warware da biro yake naɗe shi, da ya tsinke ya liƙe shi da salatif, har dai ya lalace gaba ɗaya. Yayana da ke Ingila zai dawo ƙarshen wata, ya ce ya ga faifai biyu a shagon gwanjo, This Is Where I Came In da kuma Their Greatest Hits: The Record, duka na 2001. Wanne ya fi dacewa? Abin da ke damuna shi ne, da ƙanensa marigayi suke sauraron waƙoƙin nan. Ina tsoron kada in fama masa miki.

Wani dattijo:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba shi lafiya. Ki ce a kawo The Record. Faifai biyu ne a kwali ɗaya, waƙa 40, tun daga na 1966 har zuwa 2001. Mu sa'o'in babanki da Massachusetts da Words muka fara saninsu, sannan a 1977 fim ɗin Saturday Night Fever ya fito, lokacin Barry ya riga ya koma rera waƙa da siririyar muryar nan tasa, ko'ina ka shiga How Deep Is Your Love ke tashi. Mutumin da idonsa ke hutawa, abin da kunnensa ya riga ya sani yake so. Zai ji kiɗan farko ya faɗa miki sunan waƙar kafin a buɗe baki.

Wata 'yar'uwa:
Ni fa Baba, da girmanka, ban yarda a raina ɗayan ba. This Is Where I Came In shi ne faifan sababbin waƙoƙi na ƙarshe da su ukun suka yi tare. Ya fito a Afrilun 2001, Maurice ya rasu a Janairun 2003 a Miami yana da shekara 53, tagwayensa Robin ya bi shi a 2012, Barry kaɗai ya rage. A faifan nan sun sassauta kiɗan disko, jita ta fito fili, kusan yadda suka faro. Kuma an ba Maurice fili, shi da ya saba tsayawa a baya yana kiɗa yana amshi. Ki saurari Man in the Middle, shi ya ja ta. Duk wanda ya so mutanen nan shekara arba'in ya cancanci ya ji inda suka tsaya.

Wani ɗan'uwa:
Kayan gwanjo ai ba tsada, yayanki ya haɗo duka biyun kawai. Amma ki nemi mai shagon waya ya juye miki su a memori, ki sa a ƙaramar rediyo mai manyan maɓallai, tunda ba zai iya karanta bayan kwali ba yanzu.

Dattijon ya ƙara:
Gaskiyarki 'yata, ban ƙi ta taki ba, jeri kawai nake magana. A fara da tsofaffin. Ita waƙar da aka sa wa faifan ƙarshen sunanta ma tana cikin The Record, tare da Islands in the Stream da Heartbreaker, waɗanda suka rubuta wa wasu mawaƙa, nan kuma suka rera da bakinsu. In ya ji ta ya tambaya wace ce wannan, to lokacin ɗayan ya yi. Batun marigayi kuwa, ni ma na rasa abokin da muke jin su tare. Ranar da na sake jin Words na yi hawaye, na yi masa addu'a, kuma ban kashe rediyon ba. Abu ɗaya zan roƙe ki: ranar farko kada ki kunna ki fita. Ki kawo shayi ki zauna kusa da shi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na faɗa wa Yaya ya sayo duka biyun. Ɗazu da na kai wa Baba abinci na ɗan gwada ambaton Massachusetts, sai ya ajiye cokali ya ce ai kawunmu ne ya fara kawo kaset ɗin gidan, a aljihun rigar makaranta. Ya fi minti ashirin yana ba ni labari, tuwon har ya huce.