Na koma Windows 11, intanet ɗina ya zama kamar tafiyar hawainiya

Ɗan Agege:
Salamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya na sabunta laftof ɗina daga Windows 10 zuwa 11, tunda an daina kula da 10 ɗin tun 14 ga Oktoba 2025. Daga nan komai ya tsaya cak. MiFi ɗaya muke kai da wayata: waya tana samun 18 Mbps a shafin gwada gudun intanet na fast.com, laftof da ƙyar yake kai 2. Ga data tana zuba kamar kwando. Ina matsalar take?

Injiniya Ikeja:
Wa alaikumus salam. Tunda waya tana gudu a kan MiFi ɗin, ka cire kamfanin layi daga zargi. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, sai ka taɓa kan layin Network ka ga wa ke shan data. Galibi biyu ne: Windows Update da ke ci gaba da sauke ragowar kayansa, da OneDrive, ma'ajiyar fayil ta Microsoft a intanet, da ke kwashe Desktop da Documents yana lodawa sama. Lodawar nan ce ke shaƙe layi, domin MiFi ba ya da ƙarfin turawa kamar na saukewa.

Shiga Settings, Network & internet, Wi-Fi, ka zaɓi sunan MiFi ɗinka, ka kunna Metered connection. Da wannan kwamfuta za ta gane data ta kuɗi ce, ta rage cin ta. Sannan a Windows Update, Advanced options, Delivery Optimization, ka kashe saukewa daga wasu kwamfutoci.

Hajiya Mai Kwamfuta:
Injiniya ya yi daidai, amma shan data kaɗai ba ya cika mayar da 18 zuwa 2 har kwana biyu. Ni direban Wi-Fi nake tuhuma, wato manhajar da ke sarrafa katin Wi-Fi da ke cikin laftof, don sabuntawa kan sauya shi da wanda bai dace da katin ba. Buɗe Device Manager, Network adapters, danna katinka sau biyu, ko Intel ne ko Realtek. A shafin Driver, in maɓallin Roll Back Driver yana aiki, danna shi. In ya dushe, ka duba lambar samfurin da ke ƙasan laftof, ka sauko da direba daga shafin kamfanin da ya ƙera shi. Ka guji manhajojin da ke cewa za su sabunta maka direbobi duka, tarkace suke ƙarawa.

Kuma ka gwada gudun da caja a jiki, ka sake gwadawa bayan ka zare ta. In sai an ɗauke wuta yake rarrafe, tsimin batir ne ke rage wa katin ƙarfi; ka mai da Power mode zuwa Best performance.

Ɗan Agege:
Hajiya, maɓallin ya dushe. Na sauko da direban ta waya, yanzu 15 nake gani. Allah Ya saka da alheri.

Injiniya Ikeja:
Madalla. In ya sake, buɗe Command Prompt a matsayin administrator, rubuta netsh winsock reset, sai netsh int ip reset, ka sake kunna kwamfutar. Komawa Windows 10 kuwa kwana 10 kacal aka ba ka daga ranar da ka sabunta, ta Settings, System, Recovery, kuma kada ka goge fodar Windows.old kafin lokacin.