Yaya ake rufe bakin mai baƙar magana ba tare da zagi ba?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sa gajerun labarai a Facebook da X. Jiya wani ya rubuta min: "Wannan ma rubutu ne? Ki koma aji ɗaya." Kwana na yi ina juya maganar, amsar da na haɗa kuma doguwa ce, duk haushi, ban tura ba. Ina ganin wasu da layi ɗaya suke kashe bakin mutum, ba ashar. Don Allah yaya ake yi?

Wata Anti: Wa alaikumus salam ƙanwata. Gara da ba ki tura ba, doguwar amsa tana nuna ya taɓa ki. Da kayansa za ki jefe shi. Ya ce aji ɗaya, sai ki ce: "'Yar aji ɗaya ta sa ka karanta har ƙarshe, na gode." Wannan ce gugar zana: ba zagi, amma masu karatu sun gane wa ya faɗi. Ki taɓa maganarsa kaɗai, kada ki taɓa iyayensa ko halittarsa, nan take jama'a za su koma bayansa.

Wani ɗan uwa: Ƙarancin wurin rubutu ma yana sa mutane taƙaita amsa. Haruffa 140 kawai Twitter, wato X na yanzu, ke bayarwa kafin a mayar da su 280 a 2017, dole a taƙaita. Abin da matasa ke kira "reshiyo" kuwa shi ne amsarki ta fi maganarsa samun layik. Amma fa kowane martani ƙara tura zancen yake zuwa idon mutane, wani abin da yake nema ke nan.

Wata 'yar uwa: Ni ban goyi bayan ramuwa ba. Sikirinshot ba ya mutuwa ko kin goge. Facebook yana ba ki damar ɓoye kwament, shi da abokansa kaɗai za su riƙa gani. In ya dawo, bulok.

Wata Anti: Haka ne, amma ta fara dubawa. Da cewa ya yi ƙarshen labarin bai zauna ba, wannan gyara ne, godiya ake yi. Shi kuwa wannan mutumin bai nuna kuskure ko ɗaya ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na tura layin Anti, ya dawo da ashar har biyu. Na ɓoye su, ban ƙara tanka masa ba. Yau da dare zan sa kashi na biyu.